Ranar Da Na Share Bayan Rumbu

Na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa ubanku ya ɗauki fadama mai ba da amfani rani da damina ya miƙa wa ƙaninsa, shi kuma ya rungumi jigawa da wani tsohon rumbu da ko gidansa ba ya ciyarwa. Ke Saratu har a gabana kin taɓa faɗa, ranar da Baffanku Nasiru ya zo da sabuwar mota. Ban tanka miki ba, don ni bakina ba ya iya doguwar magana ba tare da zagi ya shigo ba. Shi ya sa na zauna nake rubutawa da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In kun ga kuskure a rubutun ku gyara, amma maganar kada wanda ya taɓa min ita.

Kakanku Malam Idi rumbu biyu ya gina. Ɗaya a cikin gida, wanda muke ci. Ɗayan a bayan katanga, gefen hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Ƙarami ne, na ƙasa, bakinsa ƙasa-ƙasa yana kallon daji, ba kwaɗo ba sakata, sai guntun katako da ake jinginawa, da ƙwarya ɗaya a ciki. Duk abin da gonar jigawa ta arewa da gari ta bayar, in an fitar da zakka, sai a sussuke a zuba a can. Wanda ya rasa abin ɗorawa a wuta ya zo ya ɗiba ya tafi, ba sallama ba godiya. Doka biyu Baba ya kafa a kan rumbun nan. Ba a leƙe, kuma ba a share wurin. Duk ƙaiƙayin da aka sheƙe a gidanmu can ake kai shi a baza, da karmami, har taku ashirin ko fi, yadda ko jaki ne ya bi ba zai bar sawu ba. Ina yaro na ɗauka ƙazanta ce kawai. Rana ɗaya na tambaye shi su wa ke ɗibar hatsinmu, ya kama kunnena ya murɗe har na ga taurari da rana tsaka.

"Wanda yunwa ta fito da shi daga gidansa ya riga ya biya da kunyarsa. Kada ka sa ya biya sau biyu."

Iyakar bayanin da na samu daga gare shi ke nan har ya koma ga Allah. Ya rasu a shekarar da ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, shekarar da ta biyo kuma muka shiga damina rumbunan gari duk sun yi ƙasa. A cikin wannan daminar ne maganar rabon gado ta taso, kuma a cikinta ne na yi abin da har yau nake da-na-saninsa.

Ni da Baffanku Nasiru, ni na riƙe fartanya shi ya riƙe biro. Ba gori nake yi ba, haka Baba ya raba mu. Ya yi karatu har ya zama malamin ilimin halittu a wata kwaleji a Kazaure, yana zuwa gida ranar Asabar. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce. Yana salla, yana yi wa Inna, kakarku, hidima fiye da ni. Ciwonsa ɗaya ne, duk abin da ya gani sai ya feɗe shi kamar ɗan akuya, in ya gama kuma ba ya iya mayar da fatar. Wata Asabar bayan la'asar muna tsakar gida, Inna na dama fura, sai ya ɗauko zancen gonar jigawa.

"Yaya, ba cewa na yi a daina sadaka ba. Cewa na yi a yi ta ido buɗe. A rubuta sunayen marayu da matan da mazansu suka mutu, a kai musu har gida. Rumbun da ba shi da ƙofa, mai tsaurin ido ne ke cinye shi. Wa ya sani ko hatsin Baba ne ake aunarwa a kasuwar Gwiwa?"

Na ce shekara arba'in rumbun nan na tsaye, ba a taɓa wayar gari an tarar an yashe shi ba.

"Don Baba na raye ne, ana jin nauyinsa. Yaya, ɗan Adam dabba ne mai wayo. An gina jikinsa ne ya tsira ya bar iri, shi ke nan. Duk kyautar da ka gani, bi ta a hankali. Ko jininsa yake ba wa, ko wanda zai rama masa gobe, ko suna yake saya."

"Baba fa?"

"Baba ma mutum ne. Daga nan har Yankwashi wa ye bai san rumbun Malam Idi ba? Da wannan sunan aka ba ka mata, da shi aka ba ni."

Inna ta ajiye ludayi. Ni kuwa sai na ji kaina ya ɗau zafi. Na nuna masa kazar Inna tana jan 'ya'yan zabi guda tara a gindin turmi, na ce to wannan fa, jininta ne? Za su rama mata? Ko ita ma suna take nema a Yankwashi? Ya yi dariya, irin dariyar malamai in ɗalibi ya kawo tambayar da suke jira.

"Yaudararta aka yi. Inna ce ta saka mata ƙwan zabo tana kwanci. Jikinta ya ce mata duk abin da ya fashe a ƙarƙashinki naki ne, ita kuma ta bi."

"To uban namu kaza ne da aka saka wa ƙwan zabo?"

"Ban faɗa ba, kai ka faɗa."

Daga nan ya shiga labarin biran duwatsun Roni, wai in ka ga ɗaya na cire wa ɗaya ƙwarƙwata, ba ƙauna ba ce, bashin susa ne. Har ya kai ga cewa mu da su tushenmu ɗaya can baya mai nisa, amma bai ce ba Allah ne ya yi mu ba, yadda aka yi ginin yake faɗa. Inna ta yi a'uzubillahi.

"Kai Nasiru, dangin ubanku dai na san su kaf, har na Babura, ban ga mai wutsiya ba. Sha furarka, bokon nan naka ba ya barin mutum ya haɗiyi abu."

Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma ya ce a gwada. Kwana bakwai a sa ido a ga masu zuwa. In mabukata ne, ya janye bakinsa, gonar jigawa ta zauna wa rumbu har abada. In masu abin hannunsu ne ke kwasa, a rufe, a koma takarda. Inna ta ce ba mai yi mata gadi a bayan gidan mijinta tana numfashi. To a nan ne shaiɗan ya ari bakina. Ku ji da kyau, ba daga bakin Baffanku ta fito ba, daga nawa ta fito. Ni na yi kiwo tun ina ɗan shekara shida, na bi sawun akuyar da ta ɓace har gefen Roni na dawo da ita. Sawun kowa a garin nan na san shi kamar fuskarsa, kuma ina taƙama da hakan. Na ja Nasiru zaure inda Inna ba za ta ji ba, na ce masa ba sai an yi gadi ba, ƙasa za ta gaya min. So nake in kunyata shi. So nake gobe in nuna masa sawun tsofaffi da na matan da ba su da kowa, in ce ga dabbobinka nan. Ko kaɗan ban yi tunanin masu sawun ba, ta kaina da ta Nasiru kawai nake yi.

An yi yayyafi da azahar, ƙasa ta yi laushi. Na ɗauki manjagara da tsintsiyar kwakwa. Uwarku Hajara ta gan ni a ƙofar baya.

"Malam, ina za ka da tsintsiya kamar sabuwar amarya?"

"Ba ruwanki."

"In wurin da nake tsammani ne, wallahi ka bari. Tsohon nan bai shekara biyu a ƙasa ba."

Na wuce ta. Na janye ƙaiƙayin shekara da shekaru na tara a gefe, na bi da tsintsiya har ƙasar ta kwanta sumul, ko tururuwa ta bi sai an gani. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Gari na wayewa, da muka fito daga masallaci haske ya fara, na kira Nasiru muka zagaya. Sawu ɗaya ne tak. Ƙafar dama cikakkiya, ta hagu tana jan ƙasa, ga ramin sanda a gefe. Ba sai makiyayi ba, ko yaron goye ya san mai wannan tafiya. Baba Wakili ne. Ku ba ku san shi ba. Aminin kakanku ne, tsohon malamin hakimi, wanda duk takardar gona da ke garin nan da hannunsa aka rubuta ta. Tun da ya faɗi a babur ƙafarsa ta hagu ta shanye. Babbar rigarsa fara kullum a wanke a goge, sahun gaba a masallaci, goro a aljihu yana ɓantara wa mutane. Babban ɗansa ya rasu ya bar masa mata da 'ya'ya biyar, ƙaramin ya tafi neman kuɗi ƙetare shiru kamar an aiki bawa garinsu. Duk mun san wannan, amma ba wanda ya taɓa haɗa Baba Wakili da yunwa a zuciyarsa, don bai taɓa bari a haɗa ba.

Na bi sawun da ido. Ya shigo cikin sharar taku huɗu, sai ya tsaya. Ƙafafun biyu suna jere wuri ɗaya, ramin sandar ya nitse sosai, alamar ya daɗe a tsaye ya dogara a kanta. A nan ya ji babu ƙaiƙayi a ƙarƙashin ƙafarsa, a nan ya gane. Bai ƙarasa bakin rumbun ba, katakon na nan yadda yake. Sai ya juya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya yi ƙoƙarin goge sawun. Taku biyu na farko ya murje su da tafin ƙafa, amma duk inda ya goge da ta dama sai ta hagu ta ja masa sabon layi. Da ya ga ba dama ya haƙura ya tafi. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya yana murza ƙasa a bayan gidan amininsa don kada 'ya'yan amininsa su san jikokinsa sun kwana ba su ci ba.

Na ruga in ɗauko tsintsiya in share, amma mata sun riga sun fara wucewa rafi da tulunansu. Sun ga sharar, sun ga sawun. Kafin hantsi babu gidan da maganar ba ta shiga ba. Inna da ta ji, ba ta zage ni ba. Kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba, in na durƙusa sai ta juya fuskarta bango.

A ranar na mayar da ƙaiƙayin, na ƙara da sabo. Aikin banza, an yi ɓarin da ba ya kwasuwa. Sai na ƙara wauta a kan wauta. Na cika buhu da gero na ɗora a keke da rana tsaka na kai gidan Baba Wakili, duk gari na kallo. Ya karɓe ni a zaure, cikin farar rigar nan, ya sa aka shimfiɗa min tabarma, ya ɓantaro goro ya miƙo min. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi damina. Sannan ya dubi buhun.

"Haruna, wannan fa?"

"Baba, ɗan abin kunu ne na yara."

"Allah ya ji ƙan Malam Idi. Shekara hamsin muna zama tabarma ɗaya da shi, bai taɓa kawo min buhu ƙofar gida ba. Ɗauki kayanka, ɗana. Gidan nan ba mu rasa komai ba."

Azahar ta kusa, kuma ba hayaƙi ko kaɗan daga madafin gidan. Na ɗauki buhuna na fito kamar ɓarawon da aka kama aka sake. Daga ranar bai ƙara zuwa sahun gaba ba, sai ya koma salla a gida, wai ƙafa. Kafin gero ya nuna ya tattara surukarsa da jikokinsa suka koma wurin 'yarsa a Kanya Babba. Mutumin da aka binne cibiyarsa a garin nan ya je ya zauna a gidan suruki. Da kaka ya rasu a can. Ban ce yunwa ce ta kashe shi ba, ban ce ni ne ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma na san wanda ya tashe shi daga garinsu.

Kuma ba shi kaɗai ba. Duk tsawon wannan damina, mutane na cin tafasa da rama ba garin hatsi, ba wanda ya ƙara taka bayan katangarmu. Sun ce 'ya'yan Malam Idi sun fara ƙirga sawu. Rumbu cike, gari da yunwa, har ƙwari suka cinye geron muka zubar wa kaji.

Mun je ta'aziyya Kanya Babba a motar Nasiru. A hanyar dawowa yana tuƙi idonsa ja. Na yarda abin ya taɓa shi. Da ya kama bakinsa da yanzu muna gida ɗaya. Sai ya ce:

"Wallahi Yaya abin nan ya hana ni sukuni. Amma ka duba fa. Mutum ya fifita mutuncinsa a kan cikin jikokinsa. Abin da nake gaya maka ke nan, suna a wurin ɗan Adam makamin tsira ne, yakan fi abinci ma. Ko a cikin birai, babban namiji in ya faɗi..."

"Tsaya da motar nan."

"Yaya, ba ka gane ba."

"Na gane sarai. In sun kwashe, dabbobi ne. In sun ƙi taɓawa, dabbobi ne. Baba ya bayar a ɓoye, suna yake nema. Da ya hana, ka ce ga shi nan, son kai. To gaya min, me mutum zai yi ya zama mutum a wurinka? Yanzun nan muka baro kabarinsa, ƙasar ba ta bushe ba, kana haɗa min shi da biri?"

Na sauka a bakin titi na hau acaɓa. Littafin da duk abin da ya faru sai ya ce dama na faɗa, ni ban ga bambancinsa da boka ba. Ban yi karatu ba, wataƙila akwai amsa, amma ban ji ta daga bakinsa ba har yau.

Da aka zo rabo a gaban liman da mai gari, aka fitar da na Inna da na gwaggonninku, ya rage fadama da jigawa tsakanina da shi. Gwajin bai ba kowa gaskiya ba, shi kuma yana nan a kan takardarsa, a raba jigawar, rabonsa ya kai wa waɗanda ya rubuta. Na ce ya ɗauki fadamar gaba ɗaya ya bar min jigawa da rumbu. Liman ya ce:

"Haruna, fushi ne ke magana ba kai ba. Kana da iyali. Je ka kwana a kai."

Nasiru ma sau uku yana ƙi. Na rantse da Allah a gaban mutane, magana ta ƙare. Saboda haka duk wanda ya ce muku Baffanku ya yi min wayo, ƙarya yake yi. Kun ci tuwon dawa ba miya mai kyau shekara da shekaru, kun ga 'ya'yansa na cin shinkafa da tumatirin fadamar kakanku, uwarku ta yi surfe da daka a gidajen mutane. Duk na gani, ba makaho ba ne ni. Kuma zan faɗa muku abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Har yau ban san ko don Allah na yi ba, ko don Baba Wakili, ko don kawai kada Nasiru ya ci ni. In na ukun ne, to maganarsa ta tabbata a kaina, kuma wannan ne ke sa in tashi da haushi ba wanda ya taɓa ni. Shi ma bai ci fadamar shi kaɗai ba. Duk kaka yana raba buhuna ga marayun da ya rubuta, ana jera su ana ɗaukar hoto. Suna ci, suna ƙoshi, ban hana ba, Allah ya ba shi lada. Amma akwai mutanen da gara a kai su kabari da a kira sunansu a layi, kuma su ma suna da hanji.

Kaka biyu ina cika rumbun nan ina kwashe ruɓaɓɓen hatsi. Mutane na yi min dariya a majalisa, wai Haruna na noma wa ƙwari. A damina ta uku uwarku ta je zuba sabuwar sussuka, ta dawo ta tsaya a bakin ɗaki ta ce min an taɓa, kamar ƙwarya biyu. Na ce to. Na ɗauki fartanya na fita ta ƙofar gaba.

Da sallar da ta wuce Baffanku ya kira ni a waya. Mun gaisa, ya tambayi ciwon bayana, na tambayi hawan jininsa. Can sai ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, har yanzu ana ɗiba?"

"Ana ɗiba."

"Su wa ye?"

Na kashe wayar. Shekara goma sha ɗaya, da furfura a gemunsa, har yanzu tambayarsa ke nan.

In na mutu jigawar taku ce, ku noma ko ku sayar, ba zan tashi in hana ku ba. Amma muddin ina shaƙar iska, hatsinta bayan katanga zai tafi, kuma wanda duk ya ƙara yi min zancen fadama a gidan nan ya nemi wani uban.